Kwikwiyona ya addabe ni da taune kaya, ya zan yi?

Ɗan uwa, kwikwiyon wata 4 da ke taune maka takalma da wayar caja famfara yake yi, dasashinsa ke ƙaiƙayi, zuwa wata 6 ko 7 abin zai lafa.

Fara kwashe wayoyin wuta tukuna. Sai ka samo masa igiya mai kauri, duk sanda ka kama shi da takalmi ka karɓe ka miƙa masa igiyar, in ya kama ka shafa kansa. Kar dai ka ba shi tsohon silifas, ba zai bambance da sabo ba, kuma bugunsa tsoro kawai yake koya masa. Dafaffen ƙashin kaza ma haɗari ne, tsagewa yake.

In ya haɗiye wani abu yana amai, garzaya da shi wajen likitan dabbobi.