Harin Vejce ba a Yaƙin Kosovo ya faru ba

Malam, ka tambaya ko kwanton ɓaunar da 'yan tawayen Albaniyawa suka yi wa 'yan sanda a Vejce yana cikin Yaƙin Kosovo. A'a. Wancan yaƙi ya ƙare a watan Yuni na 1999. Wannan kuwa a Masedoniya aka yi shi, ranar 28 ga Afrilu, 2001, kusa da garin Tetovo.

Ba laifinka ba ne da ka rikice, domin taƙaitaccen sunan ƙungiyoyin 'yan tawayen biyu, ta Kosovo da ta Masedoniya, a Albaniyanci iri ɗaya ne, UÇK. Amma ta Masedoniya dabam take, Ali Ahmeti ne jagoranta a lokacin.

A ranar, ayarin motocin sintiri na bin wata hanya a tsaunukan Shar. Sai ruwan wuta ya sauko musu. Mutum takwas suka mutu, huɗu 'yan sanda, huɗu sojoji. 'Yan sandan nan 'yan garin Bitola ne, kuma bayan an kai gawawwakinsu gida, sai matasa suka fantsama kan tituna suna ƙona shagunan Albaniyawa. Mai shagon da ke Bitola bai san hawa ba, bai san sauka ba, shi ya kwana a ciki. A ganina nan ne abin ya fara neman zama yaƙin ƙabilanci.

A lokacin, Albaniyawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na mutanen Masedoniya, suna kukan an mayar da su saniyar ware a aikin gwamnati da harshe. Yarjejeniyar Ohrid ta 13 ga Agusta, 2001 ce ta tsayar da faɗan, har aka amince a ƙara ɗaukar Albaniyawa aikin ɗan sanda.