Tambayi Likita: Idan Kuɗin Magani Ya Fi Ƙarfin Gida

Likita, yarona ya fi mako uku yana tari yana ramewa, ga babu kuɗi. (Wata uwa, Ƙofar Sauri)

Hajiya, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. Ki kai shi gobe, kada ki tsaya kemis.

Babanmu ya bar ƙwayar hawan jini saboda tsada, ya koma shan jiƙo. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, fitsari ya ragu. (Wani manomi, Daura)

Malam, ku kai Baba asibiti yau ɗin nan. Kumburi da raguwar fitsari ga mai hawan jini alama ce ƙoda ta fara gazawa. Ku ɗauke jiƙon nan! Mai sayar da shi a bakin kasuwa bai san abin da zai yi wa ƙoda ba, haka ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ake sha ba ƙa'ida.

Na san halin da ake ciki. A Najeriya, fiye da naira 70 cikin kowace 100 da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane take fitowa. Mai albashi zai biya ya wuce. Manomi kuwa sai ya sayar da hatsin da gida zai ci, daga nan tumaki, a ƙarshe gona ta tafi jingina. Wannan ne ke sa ni takaici: ƙwayar hawan jini ta wata guda ba ta kai kusa da kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya ba, shi kuwa wankin sau biyu ko uku ake yi duk mako.

Masu cewa in ka fara ƙwayar ba ka dainawa, ai cutar ce ba ta tafiya. Ku faɗa wa likita ƙarfin aljihunku, akwai mai rahusa da ke aiki. Amma ku tafi yau.

Inshorar lafiya ta ma'aikata ce kaɗai?

A'a. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) ta 2022 ta shafi kowa. Ka tambayi yadda ake rajista a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku.

Matata na yoyon fitsari tun da ta haihu, ina jiran kaka in samu kuɗi.

Haba Malam, da kai ne ke kwance za a jira kaka? Ana yin aikin kyauta a asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga, nan Katsina. Kuɗin mota kawai za ka nema, ka kai ta cikin makon nan.