Makaranta ko gona: wanne za mu sa a gaba?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina cikin kwamitin matasan jam'iyyarmu a Funtuwa. Mun zauna tsara manufofin da za mu miƙa wa shugabanni, sai gardama ta kaure. Wasu sun ce ilimi kyauta, wasu tsaro da noma, wasu kuma sun kafe a kan dawo da tallafin mai. Har aka kira magariba ba mu tsayar da magana ba. Wanne za mu sa a gaba?
Daga wani mai karatu, Funtuwa

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tallafin mai dai ku ajiye shi gefe. Tun da Tinubu ya cire shi ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar tana hannun Abuja, kwamitinku ba shi da ta cewa.

Ina yaro a 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci zaɓen gwamna a Kano da Kaduna, lokacin Funtuwarku tana cikin Kaduna. Abubakar Rimi da Balarabe Musa suna hawa mulki suka soke haraji da jangali. Na tuna mahaifina ya ciro tsofaffin rasidan haraji daga cikin adaka, ya jujjuya su yana dariya, ya ce daga yau ya huta da ɓuya a rumbu in dagaci ya aiko. Bai taɓa karanta kundin manufofin PRP ba, amma har ya rasu ba ya zaɓen kowa sai mutanen Malam. Abu guda suka kama wanda ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya.

Yau abin nan shi ne manomin Faskari ko Sabuwa da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya ɗan bindiga. In bai noma ba, tiyar masara ta tashi a kasuwar Dandume, mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 kuma ya ƙare kafin tsakiyar wata. Makarantar da kuke so ma, wane uba zai tura ɗansa bayan sace ɗaruruwan ɗalibai da aka yi a makarantar Ƙanƙara a 2020?

Saboda haka ku sa tsaron gona a gaba, ilimi ya biyo baya. Sai dai kada ku rubuta "za mu kawo tsaro" kawai, kowa ya iya wannan. 'Yan sanda da soja na tarayya ne. Ku faɗi abin da jiha za ta iya: jami'an tsaron al'umma irin waɗanda Katsina ta kafa a 2023 nawa za a ƙara, wa zai biya su a kan kari, kuma taki ya iso kafin ruwan shuka.