Ciwon Sukari: Me Ya Sa Shawarar Abinci Take Bambanta Daga Wuri Zuwa Wuri?

Tambaya: Likita, a ƙaramin asibitin da nake zuwa faranti kawai aka zana mini a takarda, alhali ƙanwata da ke zuwa babban asibiti an koya mata lissafa giram ɗin sitacin da take ci. Ko an yi mini ƙwange ne?

Amsa: Ba a yi miki ƙwange ba, Malama. Tsarin faranti, wato rabinsa kayan lambu marasa sitaci, rubu'i nama ko kifi ko ƙwai, ɗaya rubu'in kuma abinci mai sitaci, ya wadatar da yawancin masu shan ƙwaya irin metformin. Lissafin giram ya fi zama dole ga mai yin allurar insulin, wadda ke rage sukarin jini, kafin kowane cin abinci, domin da shi yake daidaita yawan allurar. Ki riƙa yin gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na kimanin wata 3. Yawancin manya ana so ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin 100.

Tambaya: Zan iya maye gurbin sukari da zuma?

Amsa: Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, Malam, kuma tana ɗaga sukarin jini.

Tambaya: An sallamo mahaifinmu daga asibiti da allurar insulin. A can mun yi mamakin yadda ake ba shi shinkafa da burodi, don haka da muka dawo gida muka hana shi duk wani abinci mai sitaci, muka kuma sa shi shan jiƙon wani ganye mai ɗaci. Yanzu da asuba yakan jiƙe da zufa, hannunsa na rawa, yana magana ba kan gado.

Amsa: Ɗan'uwa, ku mayar da Baba asibiti yau ɗin nan. Abin da ka bayyana alamun faɗuwar sukarin jini ne, wato ya yi ƙasa da 70 mg/dL a na'urar gwajin sukari, kuma ga dattijo hakan ya fi saurin yin kisa a kan hauhawarsa. Na san da kyakkyawar niyya kuka yi, amma kun janye abincin kun bar allurar yadda take. Ma'aikatan da kuka ga suna ba shi shinkafa ba sakaci suka yi ba: a ɗakin jinya ana auna sitacin kowane abinci, a kawo shi a kan lokaci, sannan a tsara insulin daidai da shi. Da wannan ma'aunin aka sallamo shi. Insulin ba ta san kun canza girki ba, aikinta kawai take yi, kuma idan ba ta tarar da abinci ba sai ta kwashe ɗan sukarin da ƙwaƙwalwa ke rayuwa da shi.

Idan abin ya sake faruwa kuma yana iya haɗiya, ku ba shi giram 15 na sukari, kimanin babban cokali ɗaya a cikin ruwa, ku jira minti 15 ku auna sukarin jininsa, ku maimaita idan bai hau ba, sannan ya ci abinci. Idan ya fita daga hayyacinsa kada ku ɗura masa komai a baki, domin zai iya shaƙewa. Ku garzaya da shi asibiti. Kada kuma ku dakatar da allurar da kanku.

Batun jiƙon kuwa, na gaji da ganin ɓarnar wannan tunanin na cewa ɗaci yana kashe zaƙi a cikin jini. Harshe ne ke jin ɗaci, jini bai san shi ba. Babu wanda ya san abin da ke cikin kofin da kuke miƙa masa, ko yawansa, kuma ƙodar mai ciwon sukari ta riga ta sha wahala kafin a ƙara mata wannan nauyi. Ku daina ba shi, ku tafi da ragowar likita ya gani. A can ku nemi a rubuta muku lokacin allura da lokacin abinci, a kuma duba ƙodarsa. Kada ku yi mamaki idan aka sassauta masa, domin dattawa masu rauni sau da yawa ana barin HbA1c ɗinsu ƙasa da kashi 8 don gudun irin wannan faɗuwar. Ina sake cewa, yau za ku kai shi.

Tambaya: Ana gayyatarmu zaman ilimantarwa a rukuni, ni kuma shekarata 10 da ciwon. Akwai sauran abin da zan koya?

Amsa: Akwai, Hajiya. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta ba da shawarar a sabunta wannan ilimi sa'ad da aka gano ciwon, da kowace shekara, da lokacin da wata matsala ta ɓullo, da kuma lokacin da kulawa ta sauya, kamar bayan sallama daga asibiti. Ki tafi tare da mai yi miki girki, kuma ki riƙe littafin da kike rubuta sakamakon gwajinki.