Sharhi, ra'ayi, da alƙalamin da aka ce ya fi takobi

Wani ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya aiko da tambaya: "Malam, idan ana karanto jaridun Yamai a rediyo, rubutun nan da shugaban jarida ke yi a shafin farko wani ya kira shi sharhi, wani ra'ayi, wani tsokaci. Wanne ne daidai?"

Ɗana, duka ukun Hausa ce mai kyau, sai dai kowace da inda ta taso. Sharhi a zaure ta girma kafin ta shiga ofishin jarida. Tushenta a Larabci buɗewa ne da faɗaɗawa, tushe ɗaya da "nashrah" ta cikin surar da kowa ya hardace tun yana ƙarami. Ka tuna yadda ake ɗaukar karatu bayan asuba: almajiri ya buɗe Risala ko Ahalari a kan buzu, ya ja layi ɗaya ya tsaya, malam ya fassara, sannan ya warware abin da layin ya ƙunsa. Layin shi ne matani, warwarewar ita ce sharhi. Ba a taɓa yin sharhi ba matani a gaba. To a jarida, matanin shi ne labari. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, motoci suka yi cirko-cirko a hanyar Ɗan Isa, wanda ya zauna ya bayyana me ya jawo rufewar, wa ya yi asara, ta ina kaya suka koma bi, shi ne ya yi sharhi. Wanda ya ce "wannan zalunci ne" ko "da ma ya kamata" ya faɗi ra'ayi.

Ra'ayi ma Larabci ce, daga gani. Yadda mutum ya hangi abu daga inda yake tsaye ke nan, kuma mai shayi yana da nasa kamar yadda gwamna yake da nasa. Tsokaci kuwa taɓawa ce a gurguje, ka ce wani abu ka wuce.

Don haka rubutun da ka tambaya, ni ina kiransa ra'ayin jarida, domin matsayar gidan ce ake faɗa. A jaridun Ingilishi galibi ba a sa masa suna, a na Faransanci kuwa sau da yawa shugaban jaridar kan sa hannu. Idan marubucin ya yi aikinsa, za ka tarar da sharhi a cikinsa kafin ya yanke hukunci. Da yawa ba sa yi.

Na daɗe a nan saboda abin ya shafe mu. Yawancin jaridun ƙasar nan tamu ta Nijar da Faransanci ake rubuta su, a Yamai ake buga su. Ɗan kasuwar Maradi ba ya riƙe su a hannu, ta kunne suke iso masa: daga bakin mai fassara a rediyo, zuwa fada, zuwa saƙon murya a WhatsApp. Idan mai fassara ya ce "jarida ta ce" kawai, bai nuna cewa ra'ayinta ne ba, kafin la'asar hasashen mutum ɗaya ya zama labari a bakin gari. Kalma guda, "a ra'ayinta", ta isa ta tare wannan ɓarna.

Wani Alhaji mai sayar da atamfa ya tambaya ko "gaskiya ta fi kwabo" tsohuwar karin magana ce. Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa, kwabon ne ya tona shekarunta. Kalmar Ingilishi ce ta jan ƙarfe Bahaushe ya lanƙwasa, don haka maganar ba ta girmi zuwan kuɗin Turawa ba. Jaridar nan mai wannan suna da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, ita ta yayata ta, kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita. Da a nan aka kafa ta, da wataƙila dala za a ambata.

Sai wata malamar makaranta daga Tasawa: "Shin 'alƙalami ya fi takobi' tamu ce?"

Malama, baƙuwa ce da ta zauna har ta yi ɗaki. Wani marubucin Ingila, Edward Bulwer-Lytton, shi ya sa ta a wasan kwaikwayo a 1839. Ba na korarta, tunda baki ya saba da ita, kuma tana da hujja: jaridar Haske da ta fito a 1990, farkon mai zaman kanta a wancan zamani, da waɗanda suka biyo ta, sun taimaka wajen buɗe bakin jama'a gabanin Taron Ƙasa na 1991. Amma ki lura, namu karin maganar ba sa yi wa magana kirari haka. Gargaɗi suke yi. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Baki shi ke yanka wuya. Wanda ya tashi da waɗannan a kunne, in zai soki mai iko sai ya bi ta habaici da gugar zana, ya ce kukan kurciya jawabi ne. Wannan salo ya tsare marubuta da yawa daga fushin hukuma, ya kuma ba wasu mafaka su ɓata mutum ba tare da sun kawo hujja ba, don wanda ba a kira sunansa ba ba shi da inda zai kai ƙara. Idan za ki koya wa yara ta Bature, ki haɗa musu da ta bunu a darasi ɗaya.

Tambayar da aka aiko daga Madarunfa kan bambancin zambo da habaici ta jira mako mai zuwa.