Dusar Shinkafa a Abincin Kajin Nama

Tambaya: Ina kiwon kajin nama a Bukuru, tsadar masara kuma ta sa ribar ta kusa ƙarewa. An ba ni shawarar in riƙa haɗa musu da dusar shinkafa da ake kawowa daga injinan casa na Shendam da Langtang. Shin hakan ba zai cutar da su ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, kafin a yi maganar yawan da za a zuba, sai an tantance abin da ke cikin buhun, domin abubuwa 3 ne ke fita daga injin casa, amfaninsu kuma ba ɗaya ba ne. Akwai ɓuntu, wato ɓawon waje mai kaushi, wanda ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera. Akwai dusa ta ainihi, mai laushi da maiƙo, sannan akwai tsaki, wato shinkafar da ta kakkarye.

Matsalar ita ce, ƙananan injinan da suka fi yawa a garuruwanmu suna fitar da ɓuntu da dusa a gauraye, kuma wannan gaurayen ne ake sayarwa da sunan dusa. Ɓuntu ba abincin kaza ba ne. Furotin ɗinsa bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, yana ɗauke da sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi, mai yawa, cikin kaza kuma ba ya narkar da shi, don haka za ta cika maƙoƙonta amma ba za ta yi nauyi ba. Abin da ke damuna shi ne, mai kiwo ba ya gane asarar sai ranar sayarwa, bayan kajin da ya kamata su fita a mako 6 ko 7 sun ƙara makonni suna cin abinci. Ki murza kaɗan a tafin hannu: idan ya yi kaushi yana sukar fata, ki mayar da shi shimfiɗar ɗakin kaji, inda yake da amfani sosai, musamman a sanyin Jos.

Dusa ta ainihi tana da furotin kusan kashi 12 cikin 100, fiye da na masara, sai dai man da ke cikinta yana saurin lalacewa, ta fara wari, kaji su rage ci. Dusar shinkafar da aka turara kafin casa ta fi jure ajiya, domin zafin yana kashe sinadarin da ke lalata man. Ki riƙa sayen ta mako ɗaya ko biyu, ki guji mai dunƙulewa ko mai hunhuna. A ganina kada ta wuce kashi 5 cikin 100 a abincin 'yan tsaki, ko kashi 10 zuwa 15 daga mako na 4. Yawancin fosfaros ɗin da ke cikinta, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kaza ba ta iya amfana da shi, saboda haka kada a rage garin ƙashi, in ba haka ba ƙafafu za su yi rauni.

Tsaki mai tsabta shi ne ya fi kusa da masara wajen ba da ƙarfi, yana kuma iya maye gurbin rabinta, idan farashinsa ya yi ƙasa da nata. Fata da ƙafafun kajin za su ɗan yi fari, domin shinkafa ba ta da launin rawayar masara. Kada ki taɓa kason waken suya ko ƙuli, kuma ki yi canjin a hankali cikin kwana 5 zuwa 7, kina auna kaji 10 a sikeli kowane mako.