Tambayoyinku: Ɗaukar Hoton Jirgi Yana Tafe a Sama

Tambaya: Na je kallon bikin baje kolin jiragen sama da kyamarata. Jiragen yaƙi sun fito da kyau, amma masu farfela sai ka ce an rataye su da zare, farfelar ta ƙame wuri guda. Mene ne laifin kyamarar?

Amsa: Malam, kyamararka ba ta yi laifi ba, abin da ka umarce ta shi ta yi. Matsalar saurin shota ce, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga. Da alama ka bar shi a kan 1/1000 ko 1/2000 na daƙiƙa tun safe har yamma. Wannan ya dace da jet, don ba shi da abin da ke juyawa a waje. Amma jirgi mai farfela, in ka tsayar da farfelar cak, ka nuna wa mai kallo jirgin da injinsa ya mutu.

Ga lissafin. Ɗauki farfela mai juyawa sau 2,400 a minti, wato sau 40 a daƙiƙa. In fiffikenta uku ne, kowanne zai kai gurbin na gabansa cikin 1/120 na daƙiƙa. Saboda haka a 1/125 za ka samu kusan cikakkiyar da'ira. A 1/250 ka samu rabinta, kuma ya isa ya nuna motsi. Daga 1/500 zuwa sama ta fara daskarewa. Mayar da kyamara kan S, ko Tv in Canon ce, wato tsarin da kai ke zaɓar saurin shota, ka fara da 1/320. In hannunka ya zauna ka sauko 1/250, sannan 1/160.

Helikwafta ta fi wuya. Babbar farfelarta ta sama ba ta cika wuce juyi 300 zuwa 400 a minti ba, don haka ko a 1/250 sai ka gan ta kusan a tsaye. Sai ka sauko 1/100 ko 1/60. Sa'ar da ake ci ita ce tana tsayawa wuri guda a sama, sai ka tsaya kai ma, ka danna hoto shida ko takwas a jere, ɗaya zai fito.

Tambaya: Na rage saurin shota kamar yadda ake cewa, sai jirgin gaba ɗaya ya yi dishi-dishi. Ya zan yi?

Amsa: Nan ne gwanintar take, kuma babu maɓallin da zai yi maka ita. Dole kyamara ta riƙa bin jirgin da irin gudunsa, yadda jirgin zai zauna wuri ɗaya a cikin firam, abin da ke bayansa ne kawai zai ja layi.

Buɗe ƙafafunka daidai faɗin kafaɗa, ka fuskanci wurin da kake son danna hoton, ba wurin da jirgin zai ɓullo ba. Daga nan sai ka murɗa ƙugunka zuwa inda yake tahowa. Hannun hagu ya tallafi gilashin kyamara, wato lens, daga ƙasa, gwiwoyin hannu su manne da haƙarƙari, kyamara ta jingina da gira. Kama jirgin tun yana nesa, ka biyo shi da ƙugu, ban da wuyan hannu. Danna a hankali, kuma bayan ka danna ka ci gaba da juyawa har ya wuce. Yawancin hotunan da ke lalacewa a nan suke lalacewa: mutum yana jin ƙarar shota sai ya tsaya.

In gilashinka yana da na'urar hana girgiza, duba ko tana da matsayi na 2 ko wanda aka ware don bin abu mai gudu. Matsayi na 1 yakan ɗauki juyawarka a matsayin girgiza, ya yi ta ƙoƙarin gyara ta, hoton ya riƙa tsalle. In babu matsayi na biyu, gwada kashe ta.

Fokas kuma ya kasance mai bi, AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon. Kada ka bar kyamara ta zaɓi duk inda ta ga dama, zaɓi ƙaramin rukunin ɗigo a tsakiya ka ɗora shi a kan gilashin matuƙi. Kuma ka sa a ranka cewa a 1/125 za ka zubar da hotuna da yawa. Haka abin yake ga kowa. Tsuntsaye masu shawagi da motoci a kan titi sun isa atisaye kafin ranar.

Tambaya: Me ya sa jirgin ke fitowa baƙi ƙirin, sama kuma fari tas? Sannan ina ganin wasu ɗige-ɗige a sararin hoton, kullum a wuri ɗaya.

Amsa: Matsala biyu ce. Ta farko, ma'aunin hasken kyamara yana ganin sama ta cika firam, sai ya rage haske don ya daidaita ta, jirgin ya tafi cikin duhu. Nemi maɓalli mai alamar +/-, ka ƙara +2/3 zuwa +1. In gajimare fari ya rufe sama, kana iya kaiwa +1 da 2/3. Amma in jirgin fari ne ko azurfa, rana na dukansa a sama mai shuɗi, koma sifili, in ba haka ba fentin zai ƙone babu abin da za ka ceto. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana ba ka damar fito da cikin jirgin daga inuwa daga baya a kwamfuta.

Ɗige-ɗigen kuwa ƙura ce a kan sensa, wato allon cikin kyamara da haske ke sauka a kai. A tsakar rana, da ISO (ma'aunin yadda sensa ke jin haske) 100 da shota 1/125, kyamara za ta matse ƙofar haske zuwa wajen f/14 ko f/16, kuma a nan ne kowace ƙwayar ƙura ke bayyana. In ƙofar ta ƙara matsewa zuwa f/22, hoton kansa ya fara rasa kaifi. Maganin: goge sensa kafin ranar, kada ka riƙa sauya gilashi a filin da iska ke kaɗawa, sannan ka nemi matatar haske ND8. Tana rage haske mataki uku, sai f/16 ya dawo f/5.6. Cire ta in jet ya taso.

Tambaya: Wane gilashi zan saya, kuma a ina ya kamata in tsaya?

Amsa: Mai zuƙowa daga 100 zuwa 400mm shi ne ya fi amfani, 150 zuwa 600mm ya fi kai wa nesa amma ya fi gajiyar da kafaɗa. In kyamararka mai ƙaramar sensa ce, 300mm yana ba ka abin da 450mm zai bayar, ko 480mm a Canon, don haka 70 zuwa 300mm ba abin rainawa ba ne. Bar ƙafar kyamara mai uku a gida, jirgi na wucewa ta saman kanka za ta zame maka tarnaƙi.

Wurin tsayawa ya fi gilashi muhimmanci. Duba taswirar filin, ka san inda rana za ta kasance da safe da kuma la'asar, ka nemi wurin da za ta kasance a bayanka. Tsakiyar layin 'yan kallo nan ake gilmawa, amma a gefe-gefe ne jirage ke karkata su nuna bayansu yayin juyawa, kuma hoton bayan jirgi ya fi na cikinsa kyau nesa ba kusa ba. Kada ka ɓata kati kan jirgin da ke can nesa ko wanda ke ƙasa-ƙasa a kan titin tashi da tsakar rana. Hucin zafi da ke tashi daga kwalta yana karkaɗa iska, kuma babu gilashin da ke gyara wannan komai tsadarsa.

Tafi da batir biyu, kati mai saurin rubutu, da abin toshe kunne.

Tambaya: Ina son hoton nan da jirage biyu ke gilma juna, irin na Red Arrows, ayarin jiragen baje koli na sojan saman Ingila. Kullum sai in makara.

Amsa: Kada ka jira kunnenka, sauti mita 340 kawai yake yi a daƙiƙa, kafin ƙarar ta iso gare ka jirgin ya bar wurin da ya yi ta. Kada kuma ka saita kyamara a tsakiya kana jira. Zaɓi jirgi ɗaya ka bi shi, ka bar ɗaya idon a buɗe don ka hango ɗan'uwansa, ka ɗan rage zuƙowa, ka fara danna jerin hotuna kafin su haɗu.

In kowannensu yana gudun kilomita 600 a awa, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da mita 333 duk daƙiƙa. Kyamara mai hoto 10 a daƙiƙa za ta bar gibin mita 33 tsakanin hoto da hoto, ya fi tsawon jiragen biyu in an haɗa su. Don haka ɗaga shota zuwa 1/2000 ko 1/4000, ISO ya hau 400 in ya kama, ka sa jerin hoto mafi sauri. Kada ka fara dannawa da wuri sosai, ma'ajiyar wucin gadi ta kyamara za ta cika ta tsaya daidai lokacin da kake buƙatarta. Daƙiƙa ɗaya kafin su haɗu ta isa.

Tambaya: Waya kawai gare ni. Akwai amfanin gwadawa?

Amsa: Akwai, in ka bar zuƙowa da yatsu, don galibi yanke hoton kawai yake yi. Ɗauki ayarin jirage da hayaƙinsu mai launi a faɗin sama, da kuma jiragen da aka ajiye a ƙasa. In ka ga farfela ta lanƙwashe ko ta rabu gida-gida, sensar waya ce ke karanta hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa, farfelar kuma ta matsa kafin ta gama. Manyan kyamarori ma suna yin haka in an kunna shota marar ƙara, don haka masu su su koma shotar inji duk lokacin da mai farfela ya taso.